Abin Hannu Daga Maɓalli Ake Fara Shi

Jawabin da magatakardan ƙungiya ya gabatar a taron zagayowar ranar kafa ƙungiya, a Maraɗi



Ranka ya daɗe shugaban ƙungiya, iyayenmu dattawan kasuwa, iyayenmu mata da yayyenmu, 'yan'uwa da suka taso daga Kano da Katsina da Jibiya, da na Damagaram da Tawa da Ƙonni da Agadas da Yamai, da baƙinmu na zangon Kumasi da na Marwa, muna yi wa kowa barka da zuwa. Da fatan an baro gida lafiya. Allah ya huta gajiya.

Kwamitin shirya taro ya umarce mu da mu yi magana a kan haja guda ɗaya daga cikin hajojin da 'yan ƙungiya ke ƙetare iyaka da su. Mun zaɓi abin hannu na duwatsu. Mun san wani zai ce a ransa: ga masu wake da tirela, ga masu shanu, ga masu atamfa dila-dila, sai a tashi da zancen abin hannu? Dalilinmu biyu ne.

Na farko, yawancin sababbin shiga ƙungiya, musamman mata da matasa, da irin wannan haja suke fara neman na kansu. Jarinta kaɗan ne, ba ta ruɓewa a hanya, kuma kayan wata guda suna shiga jakar hannu. Na biyu, littafin ƙorafi a ofishinmu yake, mu ke rubuta shi. Duk lokacin da rigima ta taso a kan kayan ado, magana ɗaya ce take dawowa da fuska huɗu: ya tsinke, ya ɓalle ya faɗi, ya yi tsatsa, ko kuma an ce azurfa ce ashe ba ita ba ce. In aka zube kayan da aka dawo da su a kan tebur, duwatsun lafiyarsu lau. Aibin yana jikin maɓalli, ko a daidai inda zare ya haɗu da shi.

Maɓalli shi ne ɗan ƙarfen da ke haɗa bakin abin hannu biyu. Wasu na ce masa ƙugiya, wasu maɗauri. Da yawa daga cikin masu sana'ar sai sun gama zura duwatsu sannan su lalubo duk wanda ya samu a gwangwani su ɗaura. Maganarmu ta yau ita ce a juya aikin. A fara zaɓen maɓalli, shi zai faɗi tsawon zare da irin duwatsu da farashi.

Daga ina kayan suke fitowa

Ku ɗauki abin hannu ɗaya daga teburin wata 'yar'uwa a babbar kasuwar nan, ku bi asalin abin da ke jikinsa. Manyan duwatsun nan masu zane da muke ce wa na Gana, aikin mutanen Kurobo ne. Kwalabe suke dakawa su zama gari, su zuba garin a ƙananan ramuka na yumɓu, su soka tsinken ganyen rogo a tsakiya, su sa a wuta. Tsinken ya ƙone, ya bar huda. 'Yan'uwanmu na Kumasi sun san kasuwarsu ta Koforidua da ke ci ranar Alhamis, da ta Agomanya ranar Laraba da Asabar.

Masu sheƙi da ake naɗawa a jikin sandar ƙarfe tun gilashin yana narke, na Masaga ne a garin Bida, ƙasar Nufe. A shekarar 2021 hukumar UNESCO ta sa Bida cikin jerin garuruwan duniya da suka yi fice a sana'ar hannu. Jajayen duwatsu irin su tsakiya da talhatana, da yawansu tun zamanin da daga Indiya ake kawo su, daga garin Kambat na jihar Gujarat. Ƙananan nan masu kama da ƙwayar gero kuwa, daga ƙasar Cek ko ƙasar Sin suke zuwa, mu saro su a kasuwar Kurmi ta Kano, kasuwar da ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15.

Wannan fatauci gadonmu ne. Fataken Hausa ne suke ɗaukar jan dutsen lantana daga yankin kogin Kwara su gangara da shi Ilori, inda ake huda shi a goge, ya zama kayan adon sarakuna.

Shi kuma maɓalli, in na hannu ne, daga maƙeran Buzaye na Agadas yake, ko maƙeran fari na Kano da Damagaram, ko masu tagulla na Bida. In na kamfani ne, a leda yake zuwa, ɗari-ɗari. To, kun ga abin hannu ɗaya ya tara kayan ƙasa uku ko huɗu, an biya mota, an biya duwan da kwastan, an sha zaman shinge. Duk wannan wahala a wuyan ɗan ƙarfen da bai wuce santimita uku ba take rataye. In ya saki, duwatsun sun watse a ƙasa a tsakiyar gidan biki, sunan wanda ya sayar kuma ya watse tare da su.

Maɓalli iri-iri

Iri shida muka fi gani a hannun 'yan ƙungiya, kowanne da inda ya dace.

Akwai ƙugiya da zobe. Shi ne mafi sauƙi, kowane maƙeri yana iya lanƙwasa shi. Yana son abin hannu mai ɗan nauyi, domin nauyin ne ke riƙe ƙugiyar a cikin zoben. In duwatsun marasa nauyi ne kuma abin ya yi wa hannu yawa, zai zame ya fita. A duba bakin ƙugiyar ya zama matsattse, sai an ɗan tura kafin zoben ya shige.

Akwai zobe da sanda, wanda ake zura 'yar sanda a cikin zobe ta gitta. Yana da kyan gani, mace tana iya ɓalla shi da hannu ɗaya. Sharaɗinsa biyu: sandar ta fi faɗin zoben tsawo sosai, sannan duwatsun da ke kusa da sandar su zama ƙanana waɗanda za su iya bin ta su shige zoben. In aka jera manyan duwatsun Gana dab da sanda, ba za ta samu wurin juyawa ba, abin hannun ba zai ɓallu ba sam.

Akwai mai akwati, wanda harshe ke shigewa ciki ya yi ƙas. A fuskarsa ake yin zane ko a dasa dutse, shi ya sa ya fi dacewa da abin hannu mai layi biyu ko uku. A saurari ƙarar kafin a saya. Wanda ya shige shiru ba zai daɗe ba.

Akwai mai ƙusa, inda ƙananan bututu na gefe biyu ke shiga tsakanin juna a zura ƙusa ta tsakiya. Wannan tsohon aikin maƙeran azurfa ne, ya fi duk sauran ƙarfi. A roƙi maƙeri ya ɗaure ƙusar da 'yar sarƙa don kada ta ɓace.

Akwai mai maganaɗisu. Tsofaffi da masu ciwon yatsu suna son sa don sauƙinsa, amma in mayafi ko hannun jaka ya fizge shi zai buɗe ba tare da mai shi ta sani ba. Kada a ɗora masa duwatsu masu tsada.

Sai na kamfani mai ɗan kunne da ake dannawa da farce. Ɗan siririn ƙarfen da ke cikinsa shi ke fara tsatsa, daga nan bakin ya daina rufewa.

Mu ƙara da abu ɗaya da ake yawan mantawa. In maɓallin na ado ne, ana so ya zauna a bayan hannu inda ido zai gan shi. Amma abin hannu kullum ɓangaren da ya fi nauyi ne ke juyawa ƙasa. Don haka in maɓallin ya fi duwatsun nauyi, zai koma ƙarƙashin hannu ya ɓuya. Maganin haka shi ne a sa babban dutse mai nauyi a tsakiyar zaren, daidai kishiyar maɓallin, ko a zaɓi maɓalli mai faɗi a yi abin layi biyu ko uku ya ɗan kama hannu.

A kira kowane ƙarfe da sunansa

Iyayenmu dattawa, a nan ne rigimar da ta fi ba ofis wahala take. Ƙarfe huɗu ne ke yawo a kasuwa, uku daga ciki suna iya yin fari fat ranar da aka saye su.

Azurfa zalla tana da taushi, shi ya sa ake haɗa ta da jan ƙarfe kaɗan. Lambar 925 da kuke gani tana nufin kashi 92.5 cikin 100 azurfa ce. Iyayenmu mata sun san liyari, tsohon kuɗin nan mai hoton sarauniya Mariya Tariza da shekarar 1780 a jikinsa, wanda maƙera suka daɗe suna narkarwa su yi kayan ado. Azurfarsa kusan kashi 83 ce cikin 100. Wato ko a cikin azurfar gaskiya akwai hawa-hawa. Azurfa takan dushe ta yi duhu, amma da an goge ta sai ta dawo. Da sikeli ake sayen ta, giram-giram.

Akwai farin ƙarfen da Turawa ke ce wa azurfar Jamus, alhali ko ƙwayar azurfa babu a cikinsa. Haɗin jan ƙarfe ne da nikel da tutiya. Yana da ƙarfi, yana ɗaukar zane da kyau, maƙera da yawa suna aiki da shi saboda tsadar azurfa. Sai dai nikel yana sa wa wasu mutane ƙaiƙayi da ƙuraje a inda ya taɓa fata.

Akwai tagulla, haɗin jan ƙarfe da tutiya. Ba ta tsatsa irin ta baƙin ƙarfe, amma in ta sha gumi takan bar kore a fata. Sabulu yana wanke shi.

Na huɗu shi ne baƙin ƙarfe ko wani ƙarfe mai araha da aka yi wa ruwan azurfa ko ruwan gwal. Wannan ruwan fatar sama ce kawai. Matan da ke sayen kayanmu suna alwala sau biyar a rana, suna wanke-wanke, suna shafa turare da humra. Kafin a je ko'ina ruwan ya goge. Wanda ya kai irin wannan Legas ko Duwala da damina, tun a cikin leda zai fara ja.

Yaya za a bambance? Maganaɗisu yana kama baƙin ƙarfe, don haka duk mai saro maɓalli ya riƙa yawo da shi a aljihu. Amma ba ya kama tagulla, galibi ba ya kama farin ƙarfe, saboda haka rashin kamawa ba shaidar azurfa ba ce. Lambar 925 ma kowa yana iya buga ta. In kuɗin da yawa, a ɗauki guda ɗaya a kai wa maƙerin da aka amince da shi, ya goga magagari a wurin da ba a gani ya duba cikin, ko ya gwada da ruwan gwaji.

Babu ko ɗaya daga cikin ƙarafan nan da ya haramta a sayar. Kowanne da mai sonsa, kowanne da kuɗinsa. Laifin shi ne a sayar da farin ƙarfe da sunan azurfa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma a sana'ar nan gumin hannu ne ke tona shi cikin 'yan makonni. Mai sayen da aka cuta a Marwa ba za ta riƙe sunan mutum ɗaya ba. Cewa za ta yi kayan 'yan Maraɗi, ko kayan 'yan Kano. Wake ɗaya ke ɓata gari.

Awo kafin zare

In maɓalli ya samu, sai awo. A ɗauki tef irin na tela a zagaya wuyan hannu. A ce an samu santimita 16. Kuskuren da sababbin hannu ke yi shi ne su yanke aiki a kan 16 ɗin, ko su ƙara ɗan kaɗan da ka. Zaren yana bi ta tsakiyar dutse ne, rabin kaurin dutsen yana cin wuri ta ciki. Gwargwadon kaurin dutse, gwargwadon yadda abin zai matse.

Ga lissafi mai sauƙi. A auna kaurin dutsen, a ninka sau uku, a ƙara a kan awon hannu, sannan a ƙara santimita ɗaya na walwala. In dutsen milimita 6 ne, sau uku ya zama milimita 18, wato kusan santimita 2. Sai a ce 16 da 2 da 1, ya tashi 19. In manyan duwatsun Gana ne masu milimita 12, sau uku ya haura santimita uku da rabi, tsawon zai kai 20 da rabi. Hannu ɗaya ne, amma tsawon ya bambanta da santimita ɗaya da rabi.

Daga wannan jimla sai a cire tsawon maɓalli. A auna shi a rufe, haɗe da zobbansa. In ya kai santimita 3, abin da ya rage wa duwatsu a misalinmu na farko shi ne 16, wato ƙwaya 26 na masu milimita 6. In za a yi ƙulli tsakanin kowane dutse, kowane ƙulli yana cin kusan milimita ɗaya, adadin zai sauko wajen 23. Kun ga dalilin da ya sa wanda bai riƙe maɓalli a hannu ba ba zai san yawan duwatsun da yake buƙata ba.

Mai yin na sari, wanda bai ga hannun mai saye ba, ya yi awo uku, ƙarami da matsakaici da babba, ko ya sa 'yar sarƙa mai zobe huɗu ko biyar a gefe ɗaya don a ƙara ko a rage.

Kafin a taɓa zare, a shimfiɗa tawul ko tsumma mai kauri a kan faranti, a ajiye maɓallin a tsakiya, a jera duwatsu dama da hagu. Maɓalli mai zane da yawa yana son duwatsu masu launi ɗaya ko biyu, don kada su yi gasa da shi. Azurfa tana tafiya da baƙi da shuɗi da jan tsakiya. Tagulla tana tafiya da kore da ruwan ƙasa da duwatsun Gana. Kusa da maɓalli a sa ƙanana, manyan su tafi tsakiya.

Zare da ɗauri

Zare huɗu ake amfani da su. Zaren roba mai miƙewa ba na aikin maɓalli ba ne, kuma zafin rana yana cinye shi. Zaren fatsa yana da araha, amma ƙullinsa yana zamewa, in ya daɗe yana shan rana sai ya bushe ya karye. Zaren nailan mai murɗi, in an ninka shi biyu an goga masa kakin zuma, shi ya fi dacewa da yawancin aikinmu. A ja shi da ƙarfi kafin a fara, ya gama miƙewarsa, in ba haka ba bayan wata guda za a ga giɓi tsakanin duwatsu. Sai siririyar waya mai rigar nailan, wadda ke zuwa da sili 7 ko 19 ko 49 a murɗe. Mai sili da yawa ta fi laushi, ba ta saurin lanƙwashewa. Ita ce ta duwatsu masu nauyi. Ba a ƙulla ta, da ɗan bututun ƙarfe ake matse bakinta da filaya.

A duba hudar kowane dutse. Na gilashi da na tsakiya sukan zo da baki mai kaifi wanda ke yanka zare a hankali. A goge da siririn magagari, wanda ya fashe a baki a ware shi. Duwatsun Gana hudarsu babba ce, suna rawa a kan siririn zare, don haka a ƙara kaurin zaren ko a sa ƙananan duwatsu a tsakaninsu su cike.

Yanzu ga wurin da abin hannu ya fi mutuwa. Tsakanin zare da maɓalli akwai ɗan zobe. Na kamfani bakinsa a tsage yake, an dai matse shi ne. Zare siriri ne, wata rana zai sami tsagar ya fice. Duk inda zare zai ɗauru, zoben ya zama wanda maƙeri ya like bakinsa da wuta. In dole sai an buɗe zobe mai tsaga, a murɗa shi gefe da filaya biyu, baki ɗaya gaba ɗaya baya. Wanda aka wage ba ya komawa daidai.

A zura zaren cikin zoben sau biyu, a ƙulla, a mai da bakin zaren cikin dutse na farko, a ƙulla, a shige na biyu, a ƙulla, a shige na uku sannan a yanke. Ƙulli uku ke nan a wuri uku, ko ɗaya ya saki biyu na riƙe. A ɗiga ɗan gam a kan na ƙarshe da bakin allura. Kada a kwarara gam mai saurin kamawa, yana sandarar da zare ya karye a wurin.

In duwatsun masu tsada ne, irin murjani ko tsohuwar tsakiya, a yi ƙulli bayan kowace ƙwaya. Aikin yana cin lokaci, amma ko zaren ya tsinke ƙwaya ɗaya ce za ta faɗi.

Kafin ɗaurin ƙarshe, a lanƙwasa abin hannun ya yi da'ira kamar yana hannu, sannan a ja zaren. Wanda aka ɗaure a miƙe, aka ja shi tam, zai sandare in an zo sawa, kuma nauyin duka a kan ƙullin zai sauka.

Gwaji kafin a kai kasuwa

Sai an gwada akan san na ƙwarai. A ɓalla a ɓalle sau goma. A riƙe gefe biyu a ɗan fizga. A sa a hannu a kaɗa. A goga jiƙaƙƙen farin ƙyalle a kan duwatsu, in launi ya fito rinannu ne, za su ɓata wa mai saye hannun riga. A shafa maɓallin a jikin mayafi, in ya kama zare akwai kaifin da za a goge. Wanda ake shakkar ko roba ce aka yi wa kamar murjani, a ɗora masa allura mai zafi a bakin huda, roba za ta narke ta yi wari. In za a yi tafiya, kowanne a ledarsa, na azurfa kuma a raba shi da danshi.

Kuɗi da iyaka

Mu ɗauki misali, ba farashin kasuwar yau muke faɗa ba. A ce maɓallin tagulla na hannu jika ɗaya, wato sefa 1,000. Duwatsu 700, zare da zobba 100, ladan aiki 500, rabonsa na mota da hanya 200. Ya tashi 2,500 kafin riba. In aka musanya maɓallin da na leda na sefa 100, an rage 900. Amma in aka dawo da guda ɗaya cikin biyar, a lissafa kuɗin da za a mayar, da duwatsun da suka watse, da mai sayen da ba za ta sake dawowa ba, da ƙawayenta da za ta gaya wa. Araha ba ta ado. Mai yi da hannunsa kuma kada ya manta ya sa ladan aikinsa a lissafi, ba kyauta yake zama ba.

Muna saye da naira da sidi, muna sayarwa da sefa, ko akasin haka. Sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 a kan yuro ɗaya. Naira kuwa tun watan Yunin 2023 da aka sake ta kowa ya ga irin rawar da ta yi. Saboda haka a sa farashi a kan abin da za a kashe a sake saro kayan gobe, a daina kallon abin da aka kashe jiya. Masu zuwa Marwa da Njamena sun san sefar can daban ce da tamu, ko da darajarsu ɗaya a takarda, mai canji sai ya ci nasa.

Ba mu manta ba, a watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa. An buɗe Illela da Maigatari a Disambar 2020, Jibiya da Kamba kuwa sai Afrilun 2022. Bayan 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa, ba a buɗe ba sai Maris na 2024. A waɗannan lokuta mun ga 'yan'uwa a Kano da duwatsu cike da faranti babu maɓallin Agadas, mun ga maƙera a wannan gefe da maɓallai babu mai saye. A nan ne da yawa suka koma na leda, wasu kuma ba su dawo ba har yau. Maɓalli ba ya lalacewa a ajiye, ba ya cin wuri. Wanda ya samu hali ya ajiye na wata shida, ya kuma san maƙeri a kowane gefen iyaka.

Abin da muke roƙon taro

Ofis yana gabatar da shawara biyar, taro ne zai karɓa ko ya gyara.

Ta ɗaya, duk ɗan ƙungiya ya faɗi sunan ƙarfen maɓalli kafin a yi ciniki: azurfa, farin ƙarfe, tagulla, ko mai ruwa. A cinikin sari a rubuta shi a takarda.

Ta biyu, kayan da za su fita da sunan ɗan ƙungiya su zama masu zobe likakke a wurin ɗauri.

Ta uku, abin hannun da ya tsinke ko maɓallinsa ya saki cikin wata uku, wanda ya sayar ya gyara kyauta. In mai sayen tana wani gari, ɗan ƙungiya na garin ya karɓa ya aiko, a daidaita ta ofis.

Ta huɗu, a buɗe rajistar maƙeran da 'yan ƙungiya suka gwada suka yarda da aikinsu, a Agadas da Damagaram da Maraɗi da Kano da Bida, don masu ƙaramin jari su haɗa kuɗi su ba da aiki tare, farashi ya sauko.

Ta biyar, duk bashin kaya tsakanin 'yan ƙungiya a rubuta da wane kuɗi za a biya, naira ko sefa ko sidi, da ranar biya.

Muna kuma roƙon iyayenmu mata da suka daɗe a sana'ar su ba mu yini ɗaya a kowane wata su zauna da sababbin shiga. Ofis zai kawo tef da filaya da zare. Masu niyyar kai kaya baje kolin SAFEM a Yamai ko SIAO a Wagadugu su rubuta sunansu da wuri, domin masu saye a irin waɗannan wurare maɓalli suke fara juyawa su duba kafin su tambayi kuɗi. Bayan an tashi, akwai faranti a teburin ofis da maɓallai iri shida da maganaɗisu da sikeli, kowa ya zo ya taɓa da hannunsa.

 Waɗanda suka kafa wannan ƙungiya suka riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, ya bar hanya a buɗe, ya mai da kowa gidansa lafiya.